Riga a Kan Ƙusa

Ranar Asabar aka karɓe wuƙar Malam Lukmanu. Wanda bai san fawa ba sai ya ce mece ce wuƙa, ai ga su nan jibge a kasuwa. To ba haka abin yake ba. A mahautar unguwarsu a Garwa, in Sarkin Fawa ya ce ajiye wuƙarka, teburinka ya tafi, sunanka ma ya bi bayansa. Shekara talatin da ɗaya bawan Allahn nan yana fiɗa, ko tsoka ɗaya ba a taɓa cewa ya ci ta wani ba, sai ga shi wai ya kwashe cinyoyin sa huɗu daga ɗakin sanyin ƙungiyar mahauta ana tsakiyar sallar Juma'a.

Shaida kuwa ƙofa ce. Bara ƙungiya ta sa wani Yannick, mai haɗa na'urori, ya maƙala wa ɗakin sanyin makullin zamani, irin wanda ake kara masa kati ya buɗe, ya kuma rubuta katin wa ya buɗe shi. Kati uku ne kacal: na Sarkin Fawa Alhaji Mahfuzu, na mataimakinsa, sai na Malam Lukmanu. Malam ya dafa Alƙur'ani ya rantse yana masallaci a lokacin. Yannick ya juya kwamfutarsa ya nuna wa dattawa, ya ce na'ura ba ta ƙarya. Shi ke nan fa, aka karɓe wuƙa da kati, aka ce ranar Alhamis za a zauna a ba wani teburin.

Malam Lukmanu ya dawo gida. Ya zauna gindin dalbejiya yana kallon tafin hannunsa. 'Yarsa Nasiha ta tsaya bakin ƙofar ɗaki tana dubansa, ranta na tafasa. Ita ce babba a gidan, ta gama lise, wato sakandare, a fannin lantarki, tana gyaran waya a wani shago kusa da babbar kasuwa. Kuma tana da wani abu da duk gidan ke kira tarkacen Nasiha.

Kwamfuta ce 'yar ƙarama, bai fi a riƙe ta a tafi biyu ba, ita ta haɗa abarta guntu-guntu. Allon ta ciro daga matacciyar waya, madannan daga wata tsohuwa, batir kuwa daga cikin laftof ɗin da aka jefar. Ƙwaƙwalwar kaɗai ta sa aka kawo mata daga Duwala. A bayanta ta bar ramuka uku, ta cusa wannan sashe ta saurari rediyo, ta zare ta cusa wancan ta gwada ko intanet ɗin shagonsu na da ɓaraka. Malam ya sha ce mata, "Ke dai kin fi kaza tone-tone."

Ta zo ta durƙusa gefensa. "Baba, katin nan ka taɓa ba wani aro?"

"Haba, Nasiha."

"Ina kake ajiye shi in kana aiki?"

"Aljihun rigata mana."

"Rigar fa?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi ina kogin Binuwai yake. "A ƙusa. Ina kuma ake ajiye riga?"

Nan ta gano inda gizo ke saƙa. Ta san bangon nan na mahauta tun tana 'yar ƙarama mai kai masa kunu. Kowane mahauci da ƙusarsa. Da asuba zai tuɓe rigarsa ya rataye, ya shiga jini da ruwa, ba zai waiwaye ta ba sai hantsi. Babu mai gadi, don tun zamanin kakanni hannun wani ba ya shiga rigar wani. Masu shayi, masu saye, 'yan moto masu haya da babur, kowa ta jikin bangon yake ratsawa.

"Babu wanda ya taɓa ta," in ji Malam, kamar ya ji abin da take tunani. "Da an taɓa da an gani."

"Ba sai an taɓa ba, Baba."

Ya girgiza kai ya juya mata baya. Ita kuwa ta ce a ranta, wallahi sai ƙofar nan ta ci tuwon ƙaryarta a gaban jama'a.

Tana da sashen karanta kati, sai dai zoben wayar jan ƙarfen da ke jikinsa ƙarami ne, ba ya ji sai kati ya manne da shi. Tana bukatar wanda zai ji ta cikin yadi. A duk Garwa babu mai sayar da shi, Duwala kuwa mako biyu ne, ga Alhamis saura kwana biyar. Sai ta janyo matacciyar fankar innarta daga ƙarƙashin gado, ta farke cikinta, ta warware wayar da ke naɗe a ciki, siririya kamar zaren kaɗi. Inna na ta salati, wai yarinya ta rasa abin kashewa sai gawa.

Ta naɗa wayar a bakin kofin silba, zagaye tamanin. Ta kawo katin ƙofar shagonsu, irinsa ɗaya da na mahauta, ta gwada. Shiru. Ta warware ta yi saba'in. Shiru. Zafin watan Afrilu na Garwa ba sai an faɗa ba, gumi na ɗiga kan allo tana sharewa da gefen mayafi. Ranar Litinin wayar ta tsinke a zagaye na sittin da biyu, ta yanke mata yatsa, ta zauna ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta share ido ta sake daga farko. Sai Talata da la'asar abin ya yi ɗan kurman motsi a hannunta, lamba ta fito a allo, alhali katin na cikin aljihun tsohuwar rigar babanta da ta rataye a ƙofa. Tazarar ba ta fi faɗin yatsa uku ba, amma ta isa.

Laraba ta tafi gidan Sarkin Fawa. Ba ta son a ce 'yar ɓarawo ta zo da dabarar sata, don haka ta ga gara ta nemi izini tukuna. Ta tuɓe takalmi ta durƙusa nesa.

"Allah ya ja kwana, Baba Sarki. Alfarma nake roƙo. Ka yarje mini gobe in buɗe ɗakin sanyi a gabanka, ba da katin kowa ba."

Alhaji Mahfuzu ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "'Yata, da guduma za ki zo?"

"Ko ƙusa ba zan riƙe ba."

"To na ba ki. Amma ki ji, hannunki ya taɓa rigar wani, ke da ubanki kun gama da wurin nan."

"Na ji, Baba."

Alhamis da sassafe ta shiga mahauta da jaka a kafaɗa da kwanon kunu a hannu, cikin ayarin mata masu talla. Shanun da aka kawo daga garin Tubaro na ta kuka, gatura na sauka kan ƙashi, ana ta ciniki rabi Hausa rabi Fillanci. Ga riguna nan jere a bango. Ta gane ta Sarki, shuɗiyar shadda a ƙusar farko. Ta tsaya jikinta ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, jakarta ta matsa kusa da aljihu. Shiru. Ta ƙara matsa jakar, shiru dai. Wata mai ƙosai ta ce mata, "Ke, ba ni hanya!" Ta matsa taku ɗaya ta koma ɗaya gefen rigar, ta sake sunkuyawa. Sai ta ji kurman motsin nan na kwamfutarta a haƙarƙarinta. Ta miƙe ta wuce, ba ta ko waiwaya ba.

Da hantsi dattawa suka taru bakin ɗakin sanyi. Malam Lukmanu na tsaye gefe shi kaɗai, ba wanda ya matsa masa benci. Yannick ya zo da kwamfutarsa yana murmushi, ya ce, "Madmazel, bisimilla."

"Baba Sarki, ina katinka?" in ji Nasiha.

Ya ciro shi daga aljihun shaddar ya ɗaga sama. Mataimakinsa ya ɗaga nasa, da na Malam da aka karɓe. Ta fito da tarkacenta, zoben fanka na reto a jiki, wasu suka fashe da dariya. Ta kara shi a makullin ta danna. Fitila ta koma kore, ƙofa ta yi ƙas, sanyi ya bugo ƙafafun mutane.

"La'ilaha illallahu!" in ji wani tsoho.

"Misye Yannick," ta ce, "karanta mana wa ya buɗe."

Ya duba. Ya sake dubawa. Ya lashi leɓe. "Kati na ɗaya. Alhaji Mahfuzu."

Sarki ya dubi katin da ke hannunsa kamar an miƙo masa kunama. Nasiha ta bayyana musu komai a fili: kowane kati lambarsa guda ce, ita yake faɗa wa duk wanda ya tambaye shi, kuma duk mai irin abin nan da ya ratsa jikin bango zai iya ɗaukar lambar ya je ya buɗe ƙofa da ita. Wanda ya kwashe naman ba ta san shi ba, ba kuma za ta ɗora wa kowa ba. Abin da ta sani, ƙofar ba ta san fuskar mutum ba.

Sarki ya sa aka ɗauko wuƙa a kubenta, ya haɗa da kati, ya miƙa da hannu biyu. "Lukmanu, ka yi haƙuri. Mun yi kuskure."

Daɗi ya rufe Nasiha, har ta ji kamar ta yi guɗa. Malam ya karɓi wuƙar ya soke a ƙugu. Katin kuwa ya ɗora shi kan benci.

"Na dafa littafin Allah a gabanku, Mahfuzu," ya ce a hankali. "Ni da ku muka tashi, tare muka koyi fiɗa. Na'ura ta ce na yi, kuka yarda. Yau wata na'urar ta ce ban yi ba, kuka yarda. Ni ne dai har yanzu ba a yarda da ni ba."

Babu wanda ya iya ɗaga kai. Guɗar da ke maƙogwaron Nasiha ta koma ciki, idonta ya kawo ruwa.

Ya juya ya nufi ƙofa. Da ya zo daidai ita ya tsaya, ya miƙa hannu ya karɓi jakar daga kafaɗarta, ya rungume ta a ƙirji kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Mu je gida," ya ce. "Ki nuna mini yatsan da kika yanke."