Muryar da Ta Ɗauki Auta

"Wa ya tafi da ita? Yi magana mana!"

Maigadin makarantar ne ke girgiza kafaɗar yaron, gumi na ɗiga daga gemunsa. An tashi tuni, azuzuwa sun watse, jakar ƙanwarsa Auta kaɗai ta rage a jingine a bakin get. Uwar ta taho ne kai tsaye daga kantin maganin da take aiki, ko farar rigar ba ta cire ba. Ta tarar da ɗanta a tsakiyar manya, ya toshe kunnuwa da tafukansa yana rausaya gaba da baya.

"Cika shi, Baba," ta ce. "Ba ya son taɓi."

Shi kaɗai ya ga wanda ya ɗauki ƙanwarsa. Likita ya ce lalurar otizim gare shi, mai wahalar da mu'amala da mutane, ga in'ina a kai. In zai faɗi maganar kansa, sai ta maƙale masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Uwar ta durƙusa a gabansa.

"Ɗan albarka, ina Auta?"

"Wa... wa... wa..." Jijiyar wuyansa ta miƙe, idanunsa suka kaɗa.

"Mace ce? Namiji? A mota? A babur?" Shugabar makarantar ta dinga jefo masa tambayoyi, kowace na ƙara ɗaure masa harshe.

"Hajiya," in ji maigadi, "ki sa shi ya kunna rediyon nan nasa mana."

Rediyo 'yan ajinsu ke kiransa, don duk abin da ya ji daga bakin wani yana maido shi tas, da muryar mai maganar, har tari da tsaki, ba in'ina ko ɗaya. Uwar ce ta hana shi. Bayan rasuwar ubansu yakan laɓe a bayan ƙofa ya yi sallama da muryar mamacin, ya tambayi ruwan wanka. Ranar da ta kasa jurewa ta daka masa tsawa, ta kafa masa doka. Shi kuwa doka a wurinsa ba ta lanƙwasuwa. Bai ƙara ba.

Ta ƙara matsawa kusa da shi.

"Mama ta janye dokar. Ka ji? Faɗa mini abin da aka ce a bakin get."

Ya sauke hannuwansa, ya ƙura wa bango ido. Sai ga muryar maigadi daga bakinsa, har da kakin tsufa: "Ku tsaya nan in zaga baya, kada wanda ya motsa!"

Tsohon ya sosa ƙeya. "Uzuri ne, Hajiya, ba ya jira."

Ba ta ko dube shi ba, don yaron ya riga ya sauke murya ƙasa, ta yi kauri, da 'yar dishewa a ƙarshenta.

"A'a, 'yar baba! Wa ya sace miki haƙori? Zo mu je in saya miki wani."

Uwar ta gane ta nan take. Muryar mijinta ce, wanda ta ga an fita da makararsa da idonta.

"Allah ya jiƙan rai," shugabar ta ce a sanyaye. "Tsohon zance ne yake gaurayawa da sabo."

"Da safen nan haƙorin ya fita," in ji uwar. "Ni na cire shi da hannuna."

Sai get ya yi ƙara.

Auta ce a saɓe a kafaɗar wani dogon mutum, tana tsotsar alawa, tana dariya da giɓinta. Uwar ta ruga ta fizge ta, tana shafa kanta, wuyanta, ƙafafunta. Lafiyarta lau. Sai sannan ta ɗaga kai. Baƙuwar fuska ce, da tabo daga gira har kunne, ba ta taɓa ganinta ba.

"Salamu alaikum," ya ce, da waccan muryar sak. "Ke ce matar ƙanena? Ashe bai taɓa gaya miki yana da wa ba."

Ya wuce ta da ido, ya tsayar a kan yaron.

"Wancan ne namijin? Madalla. Je ki haɗa musu kayansu."