Hannun Daman Madu

Madu ya zaro takardar daga firinta da hannun hagu, ya miƙa wa dattijon da ke zaune kan benci.

Dattijon bai karɓa ba. Ya dubi hannun, ya dubi Madu.

"Yaro, a gidanku da hagu ake ba manya abu?"

"Afuwan, Baba."

Madu ya daɗe yana buga wa mutane takardu a wannan shago na Bolari. Teburin na tela ne da, ya yi tsawo, kujerar kuma gajeriya, sai ya ɗaga kafaɗa kafin ya kai ga kibod. Tsintsiyar hannunsa na dama kullum tana kan bakin katako, yana ta jan maus. Da fari yatsu ne ke tsuma kamar tururuwa na bi. Yanzu babban yatsa da biyun da ke kusa da shi ba sa jin komai. Ya shafa man zafi, ya je wurin wanzami ya yi masa ƙaho. Tun bayan salla da hagu yake lallaɓa aikin, yana juya wa Oga Hillary baya don kada ya gani. Mai shago ba zai riƙe mai hannu ɗaya ba, ga ɗalibai sun fara kawo furojet.

Oga Hillary ya leƙo daga bayan injin hoto.

"Haba Madu, mene ne haka? Ba Baba da dama mana."

Madu ya mayar da takardar hannun dama. Idonsa ya ga yatsun sun kama ta, amma shi bai ji ba. Ya miƙa a hankali. Kafin ta kai, ta sulale ta faɗi kan takalmin dattijon.



"Subhanallahi," in ji dattijon, muryarsa ta sauka. "Ashe lalura ce. Yafe mini, ɗana." Ya sunkuya ya ɗauka da kansa.

Da dattijon ya fita, Oga ya matso ya kama hannun, ya danna tafin.

"Kana ji?"

"Kaɗan."

"Nan fa?"

Madu ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Zai warware, Oga. Hagun ma ta fara sabawa, wallahi."

"Shi ya sa aiki ke kwana." Oga ya saki hannun, ba da faɗa ba. "Je gida ka huta. In ka warke sai mu yi magana."

Madu ya sa hularsa. Bai kai ƙofa ba ya ji Oga a waya.

"Emma, kana gari? Har yanzu ba ka samu wurin aiki ba?"

Madu ya tsaya, ya jira har aka gama wayar, don bai iya katse mutum ba.

"Oga," ya ce, "in ya zo, kwamfutar ba za ta buɗe masa ba. Ya rubuta Hikima a wurin kalmar sirri. Sunan 'yata ne. Da ƙananan baƙaƙe."