Ɗorawar Hure a Gonar Ciyaman

Shekara ashirin da biyu na yi ina rubuta shari'a a kotun Musulunci ta garinmu, kuma ban taɓa rubuta wadda ta kai ta bishiyar Hure sauƙi ba. Da wanda ake ƙara ya yi abin da aka ce masa, da kafin azahar ya koma ofishinsa da nasara a hannu.

Hure tsohuwa ce mai daddawa, duk sati tana kai kayanta kasuwar Tsanyawa. Lokacin da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, ƙanenta Uwaisu ya ɗauki gona, ita kuma aka ba ta ɗorawar da ke tsakiyar gonar. Haka ake yi a nan tun kaka da kakanni, ƙasa ta wani, bishiyar da ke kanta ta wani, ba wanda yake ganin abin da mamaki. Duk bazara sai ta je da ƙugiyarta ta sauke 'ya'yan, ta fitar da kalwa, ta samu abin dafa daddawar shekara. Ba a rubuta takarda ba, don a lokacin ba wanda ya ga dalilin rubutawa.

Uwaisu ya sayar da gonar, bai daɗe ba ya rasu. Gonar ta bi hannu biyu kafin ta faɗa hannun Alhaji Abdulkabir, shugaban ƙaramar hukumarmu, wanda kowa yake kira Ciyaman. Ya haɗa ta da gonaki huɗu na maƙwabta, ya zagaye da katangar bulo, ya kafa ƙaton get da sunansa a sama. Gidan kaji zai gina. Ɗorawar ta tsaya daidai inda yake son ɗakin farko, sai aka shafa mata jan fenti a gindi, alamar za a sare.

Da bazara ta yi Hure ta zo da ƙugiyarta, maigadi ya hana ta shiga. Sau uku tana zuwa sakatariya tana wuni a bakin ƙofa. Ran na ukun motar Ciyaman ta tsaya dab da ita, ya dube ta ta cikin gilashi, gilashin bai sauka ba. Washegari ta zo kotu, ni na karɓi ƙararta.

Sammacin farko ya dawo yadda ya tafi. Na biyu, Ciyaman ya ce wa masinja ya gaya wa alƙali hidimar jama'a ta yi masa yawa. Alƙalinmu Malam Fatihu mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya hana a taɓa bishiyar, ya kuma rubuta a sammaci na uku cewa in Ciyaman bai zo da ƙafarsa ba, za a aika a zo da shi. Ya zo. Mota uku, da lauya daga Kano, da 'yan rakiya da suka cika mana benci har masu shari'a suka koma tsaye.

Bai jira an tambaye shi ba. "Malam, ni shugaba ne mai ci. Ina da kariya, ba a gurfanar da ni."

"Kariyar nan ta shugaban ƙasa ce da gwamna da mataimakansu, Alhaji," in ji alƙali. "Na duba, ban ga ciyaman a ciki ba. Ga lauyanka nan, tambaye shi."

Lauyan ya shiga gyara takardunsa kamar bai ji ba.

Aka nemi shaidun Hure. Cikin waɗanda suka zauna rabon gadon duk sun rasu sai mai unguwa Nababa, wanda ɗansa yake aiki a sakatariya. Aka tsayar da shi, ya dubi Ciyaman, ya dubi ƙasa.

"Allah gafarta Malam, abin da daɗewa. Ga idona ma yanzu ba ya gani sosai."

"Ba idonka aka tambaya ba, Baba. Bishiyar wa aka ba wa?"

"Wallahi na manta."

Hure ta dube shi. Gaskiya na ji tausayinta, don na san inda maganar ta nufa. A shari'a mai ƙara shi yake kawo shaida. In ya rasa, sai wanda ake ƙara ya rantse, magana ta mutu. Alƙali ya bayyana wa Ciyaman haka dalla-dalla: zai yi alwala, ya riƙe Alƙur'ani, ya rantse cewa ya sayi gona da abin da ke cikinta, kuma bai san Hure tana da haƙƙi a bishiyar ba. Zai iya yin wannan rantsuwa da gaskiyarsa, don ba mutum ne mai tambayar kowa komai ba, ballantana ya sani.

Masinja ya kawo butar kotu. Koriya ce ta roba, an ɗaure mariƙinta da waya, kuma da safen nan wani da ake zargi da satar akuya ya yi alwala da ita. Wurin alwalar dutse ne a gindin darbejiya, a fili, inda duk mai wucewa zai gani. Ran nan kuwa rabin gari ya taru.

Ciyaman ya dubi butar, ya dubi takalminsa, ya dubi taron.

"Ni? In cire takalmi in tsuguna a gaban waɗannan? Na yi rantsuwar kama aiki a gaban manyan jihar nan. Ba zan sake wata a kan bishiya ba."

Lauya ya matso yana yi masa raɗa. Ciyaman ya ture shi da gwiwar hannu. "Ka yi min shiru, ni na kawo ka."

"Alhaji," in ji alƙali, "in ka ƙi, rantsuwar za ta koma kan mai ƙara. In ta rantse, bishiya tata ce. Ka gane?"

"Ta rantse mana. Mu gani in katangata za ta rushe."

Sau uku alƙali ya maimaita masa, sau uku ya ƙi, kuma duk ukun na rubuta su da kalmomin da ya faɗa.

Hure ta miƙe ta ɗauki butar. Ta zauna a kan dutsen ta cire silifas ɗinta, ta yi alwala a tsanake, ba ta bar ko tsakanin yatsu ba. Ta dawo ta riƙe Alƙur'ani, ta rantse cewa ɗorawar gadonta ce daga mahaifinta, ba ta sayar ba, ba ta bayar ba. Alƙali ya yanke hukunci: bishiya ta Hure ce, ba mai sare ta, kuma za a fasa katanga a yi mata ƙofa daidai inda tsohuwar hanyar gonar take.

Ciyaman ya ɗaukaka ƙara. A can suka karanta abin da na rubuta, suka ga ƙi uku a jere, suka tabbatar da hukuncin. Kafin a gama duk wannan wa'adinsa ya ƙare, motocin uku sun koma ɗaya. Aka fasa katangar ta ɓangaren titin Bici, aka sa 'yar ƙofar langa-langa, makulli yana ɗaure a bakin zanen Hure. Ɗakunan kajin suka zagaye bishiyar a karkace. Jan fentin yana nan a gindinta har yau, ruwa bai gama wanke shi ba.

Masu shiga bas suka fara cewa direba ya sauke su a Ƙofar Hure, don ita ce a bakin titi. Sunan ya zauna.

Bara Alhaji Abdulkabir ya zo kotu neman kwafin hukuncin, shi kaɗai, ya tsaya a gaban teburina ina nema masa. Wayarsa ta yi ƙara. Direban da ya ɗauko masa abincin kaji ne daga Kano, ya ɓata hanya. Alhaji Abdulkabir ya kwatanta masa get ɗin, ya ce da sunansa a sama da manyan baƙaƙe. Direban ya ce ya tambayi mutane uku, ba wanda ya sani. Alhaji ya sake kwatantawa da gidan mai, da makarantar firamare, duk a banza. Ya juya min baya, ya rage murya.

"Ka ce a nuna maka Ƙofar Hure," in ji shi. "In ka zo nan, ka ɗan ƙara gaba."