Ranar da Aka Yi Muhawarar Tafkinmu

Tun da na ga ɗan yayana ya daina haɗa ido da mutane, hankalina bai kwanta ba. Shi ne wakilinmu a majalisa, kuma ya rantse a gaban masunta cewa ba zai bari a miƙa tafkinmu ga hukumar yawon buɗe ido ba. In aka miƙa, za a kewaye gaɓa da waya, kwalekwalen ubansa ya koma itacen girki. Ciwon ƙafa ya hana Yaya zuwa, sai ya turo ni in gano masa.

Aka zaunar da ni a benen 'yan kallo, daidai saitin kujerar wakilin namu. Wani mai tumbi ya miƙe ya ce baƙi za su kawo ci gaba. Wata ta tambaye shi ina masunta za su sa raga, aka yi dariya kamar ta faɗi abin wasa. Namu kuwa sai murza zobe yake yi. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Ashe a nan ba a ɗaga hannu. Shugaba kan ce masu goyon baya su ce e, marasa goyon baya su ce a'a, ɓangaren da ya fi ƙara ya ci. Ba mai sanin wa ya faɗi me. Sai na bar sauraro, na zuba wa bakin ɗan yayana ido.

Aka kira masu e, bakinsa a rufe. Har na fara jin kunyar zargin da na yi masa. Aka kira masu a'a, sai ya ɗauki kofin ruwa ya kafa kai. Bai sauke ba sai da shugaba ya buga guduma.

A baranda ya tare ni, har da dafa maƙogwaro.

"Gwaggo, kin dai gani, sun fi mu yawa. Muryata har ta dishe."

Na wuce shi. Ina sauka Yaya ya bugo waya.

"An miƙa, Yaya," na ce.

"Ikon Allah. Amma yaron ya ce a'a ko? Ki gaya min, shi kaɗai nake son ji."

"Ruwa yake sha."