Foldar da Nu'uman Ya Bari

Malam Da'u ya kwance ƙullin hankicinsa, ya ajiye filash a kan teburin Surayya, mai shagon kwamfuta a Gaya.

"Buɗe min. Akwai wata folda mai suna Baba. Murya ce a ciki."

"Ina kwana, Baba. Ka zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Tun daga Kademi ya taho a bayan babur. Ɗansa Nu'uman ya rasu wata biyar da suka wuce, a hatsarin mota. Shekara uku ba su yi magana ba, tun ranar da yaron ya bar gona ya kama aikin kwamfuta a Kano. Ko ya zo gaisuwa, Malam Da'u bango yake kallo. Sai jiya Khaula, matar mamacin, da ta fita takaba, ta durƙusa ta miƙa masa filash ɗin. Ta ce Nu'uman yakan zauna ya ɗauki muryarsa yana yi wa ubansa magana, amma bai taɓa aikawa ba. Ta kwashe kayan aikinsa duka daga kwamfutarsa zuwa cikin filash ɗin kafin a ɗauke kwamfutar.

Surayya ta soka filash, ta danna. Ta sake dannawa.

"Ga sunan nan. Amma ba ta buɗuwa."

"To injinki ne ya lalace."

"Injina lafiyarsa ƙalau, Baba. Nawa Windos ne. Da alama shi Linuks yake amfani da shi. Kowane da tsarinsa. Bari in gwada wancan mai Linuks."

Ta jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, ta hure ƙurar. Malam Da'u yana tsaye. Fanka tana juyi a sama, tana wani ƙugi ƙasa-ƙasa kamar mutum yana gyaran murya a bayan ƙyaure. Ya waiga. Ba kowa.

Surayya ta daɗe tana kallon allon.

"Baba, wannan ba folda ba ce. Mahaɗi ne."

"Yi min Hausa."

"Ka san yadda ake kafa allo a bakin titi a rubuta, gidan wane yana can? To shi ne. A kwamfutarsa, in ka danna, sai ya kai ka inda muryoyin suke, har ka ɗauka a nan suke. Wadda ta kwashe, allon ta ciro. Gidan yana can inda yake."

"Ina?"

"Cikin kwamfutar tasa. A kawo ta, minti biyu na fito maka da su. Tana wurin wa?"

Malam Da'u ne ya ce a raba gado tun kafin a yi arba'in. Shi ya ce abin da ya raba shi da ɗansa ba zai kwana a gidansa ba. Shi da kansa ya miƙa kwamfutar ga wani dillali da ko sunansa bai tambaya ba. Dillalin ya ce za su wanke ta tas kafin a sayar, shi kuwa ya ce a wanke.

"Babu ita," in ji shi.

Surayya ta sauke kai. "Allah Ya jiƙansa."

"Amin. Ba ko kalma ɗaya?"

"Sai adireshin. Layi ɗaya ne, sunayen foldodin da ya ajiye su a ciki. Shi ya raɗa musu suna."

"Karanta."

Ta matso da fuskarta, ta bi da yatsa. "Nu'uman. Sai gida. Sai Kademi." Ta tsayar da yatsan.

"Ke, ƙarasa."

"Ta ƙarshe ya sa mata: in Baba ya huce."

Wani mai amalanke ya wuce a waje yana neman hanya. Malam Da'u ya laluba bencin da ke bayansa, ya zauna. Ya ɗora hannayensa a gwiwa, ya tsura wa allon ido, ga baƙaƙen da bai iya karantawa ba.

"In an danna, har yanzu yana zuwa ya duba?"

"Yana zuwa, Baba. Ya tarar ba kowa, ya dawo."

Ya gyaɗa kai.

"Sake danna."