Inci Shida na Delbert

Lorene Hruska ta iso filin da hantsi, bayan ruwan da aka yi da asuba, ta tarar da ƙanenta Delbert tsaye a tsakiyar daɓen siminti, hannuwa a ƙugu, yana murmushi.

"Yaya, zo ki gani. Ko ɗigo bai kwanta ba."

Da gaskiyarsa. Daɓen ƙafa sittin ne a tsawo, arba'in a faɗi, kuma ya tsane tas. Ruwan duk ya bi hanya ɗaya ya zube ta kudu, inda babbar ƙofa za ta kasance. Lorene ta tsaya tana bin sawunsa da ido. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi a makarantar gari, ta san ruwa ba ya tafiya don ra'ayin kansa.

Ta koma a-kori-kurarta ta ɗauko gwangwanin tumatir daga cefanenta, ta kwantar da shi daidai inda gadonta zai zauna, ta ɗage hannu. Gwangwanin ya mirgina ya fita daga ɗakin kwana, ya ratsa kicin, ya ƙara gudu a falo, ya faɗa cikin ciyawa.

"Inci nawa?" ta tambaya.

"Shida kacal, daga wancan ƙarshen zuwa ƙofa. Haka Baba ya yi, haka kowa ke yi. Ranar wanki sai ki saki tiyo daga can sama, komai ya gangara waje."

"Komai kamar me?"

Delbert ya sosa ƙeya.

"Kamar kashin shanu," in ji ta. "Faɗi mana, ai ba ka jin kunyarsa a takalminka. Shanu nawa ka ji na ce zan kwana da su?"

Wata bakwai ke nan da ta sayar da gidanta na gari. Tun lokacin tana zaune cikin ɗan ɗaki mai taya a bayan gidan Delbert, tana bugun gwiwa da murhu duk sanda ta juya. Abin da take so bai da yawa: gidan ƙarfe mai dogon rufi irin na ɗakin shanu, wanda kowa ke ginawa yanzu, a kan eka goma sha biyu da uwarsu ta bar mata a Texas ɗin nan. Filin a wajen gari yake, ƙarƙashin gunduma, inda ba mai zuwa da takarda ya duba maka gini. Mutanenmu suna kiran wannan 'yanci. A aikace, wanda ya fi daɗewa yana yin abu shi ne doka, ko bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Delbert kuwa shekara arba'in ya yi yana zuba daɓen ɗakunan shanun gundumar nan.

Ta ba shi zane kafin ta tafi asibiti a duba mata gwiwa. Kowane bututu ta nuna wurinsa, kowace taga ta rubuta faɗinta. Ba ta rubuta cewa ƙasan gida ya zama a daidaice ba. Wa ke rubuta wannan?

"Ba wani abu ba ne fa," in ji Delbert. "A sa katako a ƙarƙashin ƙafafun gado. Tebur ma haka. Wata biyu kin saba."

"Miya a tukunya ma ta saba? Ranar da na koma kan keken guragu, ka zo ka tsince ni a titi?"

"Kin fara ke nan. Ke dai tun muna yara ba a yi miki daidai."

"Yau ma ba a yi ba. Inci shida."

Daga nesa ƙura ta tashi a kan hanyar tsakuwa. Babbar motar ƙarafa ce, da ginshiƙai da kwanon rufi. Idan aka sauke su aka ɗaure ginshiƙan a kan wannan daɓe, an gama magana, a kan gangara za ta ƙarasa kwanakinta.

Lorene ta shiga a-kori-kura, ta ja ta da baya ta gindaya a bakin ƙofar shinge, ta zare makulli ta sa a aljihu. Direban babbar motar ya tsaya ya leƙo.

"Baiwar Allah, a ina zan sauke?"

"Tambayi wancan. Shi ne mai shanun."

Direban ya kalli Delbert, ya kalle ta, ya kashe inji ya ciro burodinsa.

A bayan motar Delbert akwai guduma mai dogon ƙota. Ta jawo ta da hannu biyu, tana jan ta a ƙasa har kan daɓen.

"Yaya, ajiye. Ba a taɓa fasa daɓena ba. Ko tsagewa bai taɓa yi ba, ki tambayi kowa."

"Na sani. Shanun ma ba su taɓa kai ƙara ba."

Ta ɗaga gudumar iya kafaɗa ta saki. Ƙarar ta bi ta hannunta har haƙora. Simintin bai yi komai ba sai ɗan farin tabo. Ta sake. A karo na huɗu wani ɓallin da bai kai tafin hannu ba ya yi tsalle. Numfashinta na fita da ƙyar, ta gyara tsayuwa ta sake ɗagawa.

Delbert ya cire hularsa ya buga a cinya. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

"Da wannan sai ki kai Kirsimeti. Akwai ƙarfe a ciki, ni na sa shi. Sai da inji."

"To je ka kawo."

"Cire motarki in wuce."

"Ka tafi da ƙafa. Mota tana nan sai na ga inji."

Ya tofar da yawu a ciyawa, ya tsallake shingen, ya miƙi hanyar gidansa yana magana shi kaɗai. Lorene ba ta bi shi da kallo ba. Ta matsa wajen da zai zama kicin, ta zaɓi wuri, ta ɗaga gudumar.