Ƙauyen da Aka Tsallake

A shekarar 1988, Afi ce ke kula da kwamfuta ɗaya tilo ta wani ofishin aikin gona a Tamale. Daga kudu aka turo ta, tana haya a unguwar Choggu, Hausarta kuma a kasuwa ta koye ta. Tun yunwar 1983 ofishin ke raba wa manoma irin masara kafin damina, kuma kwamfutar ce ke lissafa rabon kowane ƙauye.

Afi ta rubuta wani ɗan jerin umarni mai bin ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya. Yakan miƙa bayanan ƙauye ga wata manhajar lissafi, ya jira ta gama, sannan ya ɗauko na gaba. Da safe take kunna shi ta shiga wasu ayyuka, don wutar unguwar ba ta kaiwa la'asar.

Ran nan ta leƙo da azahar ta tarar aikin ko rabi bai kai ba. Manhajar ta maƙale a kan ƙauye ɗaya. Ba ta gama ba, ba ta kuma ce ta kasa ba, jerin umarnin kuwa sai jiranta yake yi. Kafin Afi ta taɓa komai aka ɗauke wuta. Washegari ma haka aka yi. Ga hadari ya fara haɗowa, ga motocin iri a tsaye.

Sai ta sa wa jiran iyaka. Kowane ƙauye minti goma. In manhajar ta wuce haka a kashe ta, a share guntun sakamakon da ta bari don kada a ɗauka kammalalle ne, a ci gaba. Ranar aikin ya ƙare tun kafin azahar, ta koma gida da ranta fari.

Da safe Seidu direba, wani dattijo ɗan unguwar Gumani, ya zo karɓar takardun lodi. Ya juya su ya sake juyawa.

"Madam, ban ga na garin su Awawu ba," in ji shi. Awawu ƙanwarsa ce, a can take aure.

Afi ta duba. Garin ne inda manhajar ke maƙalewa. Ta ce, "Baba Seidu, inji ya tsaya wurinsu, shi ne na ce ya wuce."

"To su, wa zai kai musu?"

Nan Afi ta ga kuskurenta. Ta koya wa na'urar ta daina jira, amma ba ta sa ta faɗi wanda ta bari a baya ba. Da Seidu ba shi da 'yar'uwa a can, da babu wanda zai lura.

Ta zauna ta ƙara gyara: duk ƙauyen da aka katse a buga sunansa a ƙarshe, a sake gwada shi da lokaci mai tsawo. Aka gwada, ya sake maƙalewa. Ashe faifan ajiyar kwamfutar ne ya lalace daidai wurin bayanansu. Dole ta aika a sake karɓo bayanan daga malamin gona na yankin, abin da ya ci kwanaki.

Lokacin da Seidu ya kai musu irin, maƙwabtansu sun riga sun yi shuka. Masararsu ta yi, amma ba kamar ta sauran ba. Da lokacin kaka ya yi, Awawu ta aiko wa ofis da ƙwaryar gyaɗa, ba ta san abin da ya faru ba. Seidu kuma bai gaya mata ba.